Ƙashi ba nama yake nema ba

Assalamu alaikum. Iyayena mata da 'yan'uwana na nan Gombe, sannunku da zuwa duk da wannan rana.

Kafin a kunna lasifika wata baiwar Allah ta ja ni gefe, ta buɗe jaka ta nuna mini kwalbar ƙwayar kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Ta ce rabon gidansu da nama tun layya, gwiwarta na ciwo, shi ya sa ta saya a kemis don kada ƙashinta ya lalace. Maganarta ta taɓa ni, da ita zan fara.

Hajiya, tsokar nama kusan babu kalsiyam a cikinta. Ko kullum kina cin tsire, ba daga nan ƙashinki zai samu ba. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jikin mutum yana cikin ƙashi da haƙora, kuma ƙashi kamar rumbu ne: idan jini bai samu daga abinci ba, sai ya ɗiba daga rumbun. Ana cika rumbun nan ne tun yarinta zuwa wajen shekara 30. Bayan mace ta daina al'ada kuwa, ɗiban ya fi zubin sauri, shi ya sa za ka ga tsohuwa ta zame a bakin rijiya, faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, amma ƙugu ya karye. Baligi yana buƙatar kamar miligiram 1,000 a rana, macen da ta haura 50 kuma 1,200.

A Ingila an daɗe ana bibiyar dubban mutane a wani bincike na Jami'ar Oxford. Masu barin nama amma suna shan madara ba su sha wahala kamar waɗanda suka bar nama da madara da ƙwai gaba ɗaya ba, waɗannan na biyun ne karaya ta fi yawa a cikinsu. Su zaɓi suka yi. Mu a nan tsada ce ta zaɓar mana, amma ƙashi bai san bambanci ba.

Abin da ya fi kusa da mu a Jos aka yi. A 1999 likitoci suka wallafa binciken yaran da ƙafafunsu suka gwame ko suka lanƙwashe kamar baka. An zaci rashin bitamin D ne, alhali rana, wadda ke sa fata ta samar da shi, ba ta yi mana rowa. Sai aka tarar yaran ba sa samun fiye da miligiram 200 ko makamancin haka a rana, kuma da aka ba su kalsiyam ƙashin ya warke. Daga baya har garin busasshen kifi, wanda aka daka da ƙayarsa, aka gwada ya yi aiki. Ina roƙonku, yaron da aka yaye kada a bar shi da koko zalla.

To ina za mu samu? Kofi ɗaya na nono ko kindirmo yana ba da kusan miligiram 300. Kukar da muke rainawa, ana ce mata miyar talaka, tana cikin ganyayen da suka fi kalsiyam, haka zogale. Riɗin da muke nomawa ana lodawa a manyan motoci a fita da shi, ku rage na gida, a yi kantu, a zuba a miya, kuma wanda ba a cire wa ɓawo ba ya fi. Akwai tamba, ga masu samunta. Ƙananan kifin Dadin Kowa, a daka su da kai da ƙaya. Alayyafo yana da shi, sai dai akwai wani sinadari a cikinsa da ke riƙe kalsiyam ɗin, jiki ya samu kaɗan. Wake kuma a jiƙa shi ya kwana.

Na ji wata daga can baya ta ce awara. Awara abinci ce mai gina jiki, amma yawan kalsiyam ɗinta ya dogara da abin da aka haɗa ta da shi. Tamu ta ruwan tsami ba ta kai wadda ake yi da gishirin kalsiyam a ƙasashen Asiya ba.

Ƙwayar fa? Tana da masu ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba mai juna biyu, a inda abinci ke da ƙarancin kalsiyam, don rage haɗarin hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga. Wannan a wajen awo za a rubuta miki. Idan an ba ki, kada ki wuce miligiram 500 a sha ɗaya, hanji ba ya ɗaukar fiye da haka sosai. Irin wadda aka rubuta kabonet a kwalbarta a sha ta da abinci. Kada a haɗa ta lokaci ɗaya da ƙwayar ƙarin jini, a ba su tazarar awa biyu. Tana iya sa bayan gida ya yi tauri, kuma wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda kada ya fara sai ya ga likita.

Matanmu da ke wuni a ɗaka, ku fito tsakar gida da hantsi rana ta taɓa hannu da ƙafa, domin sai da bitamin D hanji ke tsotsar kalsiyam sosai. A kuma sassauta gishiri da dunƙule, yawansu na fitar da shi ta fitsari.

Hajiya mai kwalba, ciwon gwiwar nan taki zai fi yiwuwa na gaɓa ne, kuma kalsiyam ba ya maganinsa. Ki tsaya bayan an tashi mu duba takardar kwalbar tare, in faɗa miki abin da za ki tambayi likita. Wa ke da tambaya?