Zinariyar da ke cikin gwajin palu

Salamu alaikum mutanen Damagaram, na Birni da na Zango da na Garin Malam, ina gajiya? Daga Girinobul nake magana, kudu maso gabashin Faransa, cikin labo ɗinmu, wato ɗakin binciken kimiyya. Inna kullum tambayarta wane irin karatu ne wannan da ba ya ƙarewa. To a miƙa mata wayar, yau ta gani da idonta.

Ga kwalba bisa wuta. Ruwan nan mai ɗan rawaya, zinariya ce aka narkar a cikinsa da sinadari. Tunda ya tafasa, bari in zuba masa sitirat, dangin abin da ke sa lemu tsami. Ku zuba ido. Rawayan ya ɓace, ya yi duhu, ga shi yana juyewa... ja wur kamar zoɓo! Na ɗan yanke bidiyon, don abin yakan ɗauki mintoci. Dabarar ba sabuwa ba ce, wani masani Turkevich da abokan aikinsa suka fito da ita tun 1951.

Zinariyar tana nan, sai dai ta zama 'yan ƙwayoyi masu faɗin nanomita 15 zuwa 20. A raba mita ɗaya gida biliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita, kuma silin gashi guda yakan kai nanomita 80,000. In zinariya ta ƙanƙance haka, sai ta shanye koren haske ta bar wa ido ja. Yanzu ga gishiri, na girki, ba wani na musamman ba. Kun gani? Ƙwayoyin sun dunƙule, ruwan ya koma shuɗi-shuɗi. Wannan canjin launi, a kansa aikinmu ya tsaya.

Kuma wallahi kun sha ganinta ba ku sani ba. In yaro ya yi zazzaɓi aka kai shi likita, aka tsaga yatsa aka ɗiga jini kan 'yar farar robar nan ta gwajin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, jan layin da ke fitowa yawanci irin ƙwayoyin nan ne. An manna musu sinadaran garkuwar jiki, in sun tarar da alamar ƙwayar cutar a jini sai su kama ta, su taru a layin.

Ni ruwan sha na sa gaba. Duk ɗan Damagaram ya san wahalar ruwa, in famfo ya ɗauke abin da mai garuwa ya kawo shi ake sha. Mun kuma ji abin da yawan sinadarin fuloraid a ruwa ya yi wa ƙasusuwan yaran Tibiri ta Maradi. Ina son 'yar takarda mai irin ƙwayoyin nan da za a ɗiga wa ruwan rijiya, launinta ya faɗi gaskiya, ko ba lantarki.

Sai dai fa nan ɗakin sanyinsa daidai yake dare da rana, ba ƙura ko ɗaya. Garinmu kuwa watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, ga harmatan da ke shiga har cikin akwati. Na'urar da sai a firiji take aiki, ni a wurina ba ta gama karatu ba, ko an buga ta a babbar mujalla. Shi ya sa na jera takarduna cikin tandar can, na sa ta a digiri 45. Bari in sa safar hannu mu buɗe, mu ga waɗanda suka jure.