Dundumin gado da rawar da garkuwar jiki ke takawa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Daga Landan nake magana, kuma yau zancen dundumin gado ne, wanda likitoci ke kira retinitis pigmentosa. Kusan mutum ɗaya cikin 4,000 yake kamawa. Daban yake da dundumin ƙarancin bitamin A, kada a haɗa su.

Tushen ciwon yana cikin ƙwayar gado, shi ya sa yake yawan bayyana a gidajen da ake auren zumunci. Ƙwayoyin gani a duhu da ke shimfiɗar bayan ido su ne ke fara mutuwa. Daga nan sai garkuwar jiki ta shigo. A cikin shimfiɗar akwai wasu ƙwayoyi masu gadi da ake kira microglia, aikinsu kwashe abin da ya mutu. To amma binciken da aka yi a kan ɓeraye ya nuna har ƙwayoyin da suka galabaita, ba su kai ga mutuwa ba, suna haɗiyewa, kuma suna fitar da sinadaran kumburi. Jijiyoyin jini sai su fara yoyo, ruwa ya taru a tsakiyar shimfiɗar, daidai inda muke karatu da gane fuska. Yanar ido ma takan fito da wuri.

Abin da ke damuna, mutane da yawa da zarar an ce musu ciwon gado ne sai su daina zuwa asibiti. Alhali wannan taruwar ruwan ana maganinta. Hoton OCT, wato hoton shimfiɗar bayan ido da na'ura ke ɗauka, yana nuna ta cikin 'yan mintuna, babu zafi. Akan fara da ɗigon dorzolamide na kashi 2 cikin ɗari, sau uku a rana, ko ƙwayar acetazolamide. Ita ƙwayar takan sa yatsu su riƙa yi kamar ana tsira musu allura, tana iya kawo tsakuwar koda, kuma mai sikila lallai ya sanar da likita kafin a rubuta masa, domin tana iya tayar masa da ciwon. Idan waɗannan ba su yi ba, sai allurar steroid a ido. Tana kwantar da kumburi, amma tana jawo hawan jinin ido da yanar ido. Don Allah kada wanda ya sayi ɗigon steroid a kemis da kansa.

Hatta maganin gyaran ƙwayar gado sai an lallaɓa garkuwar jiki. Luxturna, wanda Amurka ta amince da shi a 2017, Ingila ta sa shi a asibitocin gwamnati a 2019, ƙwayar bairos ce da aka raunana take ɗauke da shi, jiki kuwa baƙo yake ganinta. Saboda haka kwana 3 kafin tiyatar sa shi a ido ake fara prednisone, wani steroid mai kwantar da garkuwar jiki, miligiram 1 kan kowane kilo na nauyin mutum, kada ya wuce 40 a rana, har kwana 7, sannan a riƙa ragewa cikin kwana 10. Ido na biyu sai bayan aƙalla kwana 6. Kuma masu matsalar ƙwayar gadon da ake kira RPE65 daga uwa da uba kaɗai yake yi wa aiki, wanda sai gwajin ƙwayar gado ke tabbatar da hakan.