Yadda ake saka awon tirela a manhajar zanen titi don a ga ko za ta sha kwana

Assalamu alaikum jama'a, injiniyoyi da ɗalibai da duk mai zanen titi a kwamfuta. Yau tirela za mu saka a cikin manhaja, amma da awon irin wadda ke bin titunanmu na Gombe, wato irin masu ɗauko siminti daga Ashaka su biyo ta Bajoga, ko masu lodin buhuna a Tudun Hatsi.

Ga allon nan. Ni Vehicle Tracking na Autodesk nake amfani da shi a cikin Civil 3D, in AutoTURN na kamfanin Transoft ne a hannunka ma duk tafiyar ɗaya ce, sunayen maɓallan ne kawai suka bambanta. Kana buɗe laburaren motoci za ka tarar da na Amurka, na littafin AASHTO, wato ƙungiyar jami'an hukumomin tituna da sufuri na jihohin Amurka. Akwai SU-9, babbar mota mai jiki ɗaya, tsawonta mita 9.14. Akwai WB-20, tirela ce mai tsawon mita 22.4 da faɗin mita 2.59. Mutane sai su danna ɗaya daga ciki su ja layi su ce an gama, to ai motar Amurka ka gwada malam, tamu kuwa kan DAF ne ko Mack ko Howo, bodin kuma sau da yawa masu walda ne suka ƙera shi a gida, wani ma an ƙara masa tsawo don ya ci kaya da yawa.

Saboda haka ɗauki tef ka je inda suke fakin, ka gaisa da direba da yaron mota, ka roƙi a bari ka auna. Faɗin mota da tsawonta gaba ɗaya ba su da wuya, ka rubuta ka wuce. Ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa bamba, sannan daga tayar baya zuwa ƙarshen bodi.

Inda aikin yake shi ne tazarar aksil. A kan motar, daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar tayar baya. In aksil biyu ne a baya to tsakaninsu za ka tsaya, in uku ne ka tsaya a na tsakiya, don a nan ne manhajar ke ɗauka cewa motar na juyawa. Sai kuma bodin, daga ƙarfen nan da ya maƙale shi a kan mota, wanda ake kira kinfin, zuwa tsakiyar tayoyin baya. Wannan awon fa shi ne komai, bari na nuna muku da lissafi.

A ce kinfin ɗin na zagaya kwana mai radiyos mita 15 (radiyos shi ne nisa daga tsakiyar da'ira zuwa bakinta), kuma daga shi zuwa tayoyin baya mita 10 ne. Lissafin Pythagoras ne kawai na sakandare, 15 sau 15 ka cire 10 sau 10, ka nemo tushensa, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka abin da ya rage, zai ba ka kusan 11.2. Wato in kwanar ta yi tsawo har motar ta zauna a cikinta, tayoyin baya za su shigo ciki da kusan mita 3.8. To yanzu a ce ainihin bodin 12 ne ba 10 ba. 225 ka cire 144 saura 81, tushensa 9. Sun shigo ciki da mita 6 cif. Kuskuren mita 2 a tef ya zama sama da mita 2 a ƙasa, kuma wannan mita 2 ɗin shi ne bakin kwalbati da kuke gani a farfashe, ko gefen shataletale da taya ta murƙushe, ko falwayar wuta da ta karkace a bakin kwana. A kan ce direba ne bai iya ba, alhali tun a takarda ba a bar masa wuri ba.

To mu koma allo. Kada ka taɓa motar da ta zo da manhajar, kwafa za ka yi zuwa naka laburaren, ka zaɓi wadda ta fi kama da taka a yawan aksil, ka sa mata suna yadda gobe abokin aikinka zai gane. Ka tabbata ma'aunin a mita yake ba ƙafa ba, don na Amurka kashi biyu ne. Sai ka shigar da lambobin ɗaya bayan ɗaya, kana duba hoton motar da ke gefe, in ka ga taya ta leƙo waje da bodi ka san ka sa lamba a gidan da ba nata ba.

Saura sitiyari. Manhajar za ta tambaye ka ko dai iyakar kusurwar da tayar gaba ke karyawa, ko mafi ƙanƙantar da'irar da motar ke iya zagayawa. Dangantakarsu mai sauƙi ce, mota mai tazarar aksil mita 6 da taya ke karyawa digiri 30, radiyos ɗinta a gaba mita 12 ne. In babu takardar kamfani, a samu fili, direba ya murɗe sitiyari har ƙarshe ya zagaya a hankali, ka auna sawun tayar waje a ƙasa. Amma ka lura, sawun taya daban, inda hancin mota ke kaiwa daban, manhajar na da gida ga kowanne, kuma in akwai katanga ko shago a bakin titi na hancin ne zai dame ka. Akwai kuma gidan lokacin da direba ke ɗauka kafin ya juya sitiyari daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kada ka rage shi don kawai zanenka ya wuce, ba wanda ke murɗa kan tirela mai lodi cikin ƙiftawar ido.

Yanzu ɗora ta a kan mahaɗar, ka sa gudu kaɗan, ka ja ta hagu ka ja ta dama, ka gwada ribas ma in wurin sauke kaya ne. Ka kunna layin tayoyi da layin jikin mota kowanne da kalarsa, ka bar ɗan rara a gefe don direba ba kwamfuta ba ne. Duk inda layin ya hau gwata, sai a faɗaɗa bakin kwanar a sake jan motar.