Tsohuwar Wayar Talabijin da Sabon Gudun Intanet

Wani injiniyan sadarwa da ya yi shekaru yana aiki a Amurka ne ya gabatar wa ɗaliban injiniya wannan lacca. An rubuto ta daga faifai, an rage maimaici kawai.

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina da ke gaba, da izininku. Ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa.

Kun ga guntuwar wayar nan da ke hannuna? A miƙa ta baya kowa ya taɓa. Na feƙe bakinta don ku ga cikinta. A tsakiya akwai siririn ƙarfe mai ruwan tagulla, an lulluɓe shi da farar roba mai kama da soso, sai fallen alminiyom, sai saƙaƙƙiyar waya kamar kitso, sannan baƙar riga. Irinta ce ke saukowa daga dish zuwa dikoda a gidajenku. A kan irinta ne miliyoyin gidaje a Amurka ke samun intanet har gobe, ga shi kuwa ba don intanet aka ja ta ba.

Tun 1948 aka fara. Akwai garuruwa a jihar Fensilbaniya da duwatsu suka tare musu sigina, talabijin ba ta kamawa. Sai aka kafa eriya a kan dutse, aka jawo waya zuwa cikin gari, gida-gida. Ku riƙe wannan da kyau, don duk bayanin yau a kansa ya rataya: an tsara wayar ne don hoto ya sauko wa mutum yana zaune. Ba wanda ya yi tunanin wata rana mai gidan ma zai so ya aika wani abu.

Cikin wayar nan akwai zanguna, kamar yadda kuke murɗa rediyo daga wannan tasha zuwa waccan. Da megahaz ake auna faɗin zango. A Amurka kowace tashar talabijin tana cin megahaz 6, a Turai 8. Da aka zo raba fili, abin da ke saukowa ya kwashe daga megahaz 54 har zuwa 750, wasu wuraren ma sama da 1,000. Abin da ke fita daga gida kuwa aka bar masa daga 5 zuwa 42. Ku ɗauka titi ne aka yi wa masu shiga gari layi ashirin, masu fita kuma aka bar musu lungu ɗaya mai ramuka. Na ce mai ramuka saboda ƙasan zangon nan ne matattarar hayaniya, can ne siginar gajeren zango da ƙarar injinan gida ke kutsowa.

Cibiyar bincike ta kamfanonin kebul, wato masu irin wannan waya, CableLabs da ke jihar Kolorado, ita ta fitar da ƙa'idar da ake kira DOCSIS a 1997, wato yaren da modem ɗin gida ke yi da na'urar kamfani. A 2006 aka fitar da 3.0, wadda ta iya ɗaure tashoshi da yawa wuri guda. Tasha ɗaya tana ɗaukar kusan megabit 38 a daƙiƙa, to in ka ɗaure 32 ka ga an haura gigabit, wato megabit 1,000. A 2013 sai 3.1 ta zo, ta yanyanka zangon ƙanana-ƙanana, kowane yanki ya ɗauki iya kayan da tsabtarsa za ta bari. Duk wannan ci gaba ne, amma kusan dukansa ɓangaren saukewa ya amfana. Za ka ga talla an rubuta gigabit ɗaya da manyan baƙaƙe, na aikawa kuwa megabit 35, an ɓoye shi can ƙasa. Wannan ɗabi'a ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, don mai saye bai san abin da aka hana shi ba.

Shekarar 2020 ce ta tona asiri. Annobar korona ta zaunar da kowa a gida. Uba yana taro ta bidiyo, uwa tana nata, yara uku suna darasi, kowa fuskarsa da muryarsa na fita ta lungun nan ɗaya. Ga kuma abokan hamayya. Kamfanin Verizon ya daɗe yana kai igiyar fayiba, wato zaren gilashi mai ɗaukar bayanai da haske, har cikin gida, Google Fiber ta fara a birnin Kansas a 2012, kuma fayiba ba ta san bambancin hawa da sauka ba. T-Mobile da Verizon suka shigo da intanet ɗin gida na 5G mai araha, ba rami ba falwaya. A Maris 2024 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ɗaga ma'aunin abin da za a kira intanet mai sauri daga megabit 25 saukewa da 3 aikawa zuwa 100 da 20. Dole kamfanonin kebul suka tashi tsaye.

To, mene ne aikin a zahiri? Ba sauya waya ba ne. Da ma fayiba ta riga ta iso unguwa, tana tsayawa a wani akwati da ke rataye a falwaya, daga nan wayar tagulla ta ƙarasa gidaje. Duk gidajen da ke kan akwati ɗaya kwano ɗaya suke ci. Shi ya sa da magariba, in kowa ya kunna fim, abin ke ja da baya. Mataki na farko shi ne a raba akwatin, gidaje ɗari huɗu su koma ɗari biyu-biyu. Na biyu a matsar da iyaka, lungun fita ya tashi daga 42 zuwa 85, ko ma 204. Faɗin wannan a baki ba wuya, amma kowace amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, da ke kan layi tana da rariyar tace zango da aka saita a tsohuwar iyaka, sai an hau an sauya ta ɗaya bayan ɗaya, galibi da tsakar dare don kada masu biya su ji yankewa.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wani hunturu, ƙorafi ya yi yawa daga unguwa guda, kowa na cewa bidiyonsa na tsinkewa. Muka duba na'urar awo, zangon fita ya cika da hayaniya. A ɓangaren saukewa, in gida ɗaya ya lalace shi kaɗai ke shan wahala. A ɓangaren fita kuwa hayaniyar kowane gida tana gangarowa ta taru wuri guda, kamar kwatamin unguwa. Kwana biyu muna bi, mu cire wannan reshe mu duba, mu mayar. Daga ƙarshe muka same ta a ɗakin ƙasa na wani gida da ba kowa a ciki: mahaɗin waya ɗaya, ya yi tsatsa, ya saki. Abin da bai kai ɗan yatsa ba ya hana gidaje ɗaruruwa sakat. Na yanke shi, na sa sabo, na ɗaure da sifana, layin awo ya kwanta nan take. Duk wanda ya ce muku haɓaka kebul aikin kwamfuta ne kawai, bai taɓa hawa tsani cikin ƙanƙara ba.

Yanzu ana kan DOCSIS 4.0, wadda a takarda ke kai gigabit 10 saukewa da 6 aikawa. Kamfanonin sun rabu biyu. Comcast ya zaɓi hawa da sauka su yi tarayya a zango ɗaya lokaci guda, na'ura tana goge amon muryarta kamar yadda wayarka ke hana ka jin kanka. Ya fara sayar da ita a ƙarshen 2023 a birnin Kolorado Sifirins, da gudu har gigabit 2 kowane ɓangare. Charter kuwa ya zaɓi faɗaɗa filin zuwa megahaz 1,800. A Disamba 2022 ya ce aikin zai ci masa kusan dala 100 a kowane gida da wayarsa ta wuce ta ƙofarsa. Haƙa rami a kai fayiba ya ninka haka sau da yawa, kuma wannan lissafin ne ya sa ba a jefar da tagulla ba. A Ingila, Virgin Media O2 ya bi wata hanyar, ya sanar a 2021 cewa zai mayar da layukansa fayiba gaba ɗaya. Ni a ganina su suka hango nesa, don tagulla tana buƙatar wuta da amfilifaya da mai gyara kullum, gilashi kuwa in ka binne shi da kyau sai dai ka sauya na'urorin bakinsa.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce: Malam, mu nan me ya sa ba mu da irin wannan?

Tambaya mai kyau, ƙanwata. Mu talabijin ɗinmu ta biya ta tauraron ɗan'adam da eriya ta zo, ba a taɓa bin titunanmu da wannan waya gida-gida ba, saboda haka babu tsohon layin da za a haɓaka. Abin da ke gabanku shi ne fayiba. Manyan igiyoyin teku sun iso Legas, MainOne a 2010, Equiano a 2022. Inda gizo ke saƙar shi ne daga bakin teku zuwa Kano, daga Kano zuwa ƙofar gida: kuɗin izinin haƙa da jihohi ke karɓa, da masu aikin titi da ke datse igiya da katafila. In kun fita aiki aka kawo muku tayin layi, ku tambayi gudun aikawa, ku tambayi gida nawa ke kan akwati ɗaya, kuma ku je ku auna da ƙarfe takwas na dare.

Na ga an nuna mini agogo, lokacin la'asar ya yi. Wanda wayar ke hannunsa ya dawo mini da ita, bayan sallah zan nuna wa masu so yadda ake ɗaura mata mahaɗi.