Wa zai shaida ba a taɓa ajiyarka ba?

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan uwa ɗalibai, barkanmu da yamma.

Duk mai takarda a Google Drive ya ɗaga hannu. To madalla, kusan kowa. Ku sauke. Yanzu wa zai iya rantsuwa cewa takardar da ya ajiye bara tana nan yadda take, ko waƙafi ba a sauya ba? Kun ji shiru.

Rumbun nan na intanet da ake ce wa gajimare, ba a sama yake ba. Kwamfutocin wasu ne, jibge a manyan ɗakuna masu sanyi. Ajiya ka bayar. Ko mai ajiyar ba maci amana ba ne, na'ura tana lalacewa, ɓarawo yana kutse, ma'aikaci yana iya karɓar na goro. In ka tambayi lafiyar kayanka kuwa, shi ne mai ajiya, shi ne shaida. Ko gona ba a cinikinta haka, sai an kira mai unguwa da dattawa.

Akwai wani lissafi, SHA-256. Ka ba shi fayil, shafi ɗaya ne ko bidiyon awa uku, zai fitar maka da layi guda mai haruffa da lambobi 64. Ni zanen yatsan fayil nake ce masa. Ku dubi allo. Na rubuta "faɗin filin ƙafa 50 ne", ga layinsa. Bari in mai da 50 ta zama 60. Kun gani? Layin ya birkice gaba ɗaya, ba ya ko kama da na farko. Kuma daga layin ba mai iya gano abin da ke cikin takardar.

To a ina za a adana zanen yatsan? In ka ajiye shi gefen fayil ɗin, wanda ya sauya wannan zai sauya wancan.

Stuart Haber da Scott Stornetta, masu bincike a kamfanin Bellcore na Amurka, sun kawo mafita a 1991: kowane sabon zane ya ƙunshi na bayansa, kamar sarƙa. Daga 1995 kamfaninsu, Surety, ya riƙa buga zanen ƙarshe duk mako a shafin ƙananan tallace-tallace na jaridar New York Times. Dabarar nan tana burge ni ƙwarai. Mai son yin maguɗi sai ya bi gida-gida, laburare-laburare, ya tattaro duk kwafin jaridar da aka sayar. Ina zai fara?

Bulokcen shi ne jaridar nan a sabuwar kama. Satoshi Nakamoto ma, wanda ya ƙirƙiro kuɗin intanet na Bitcoin, ya ambaci aikin su Haber a takardar Bitcoin ta 2008. Maimakon masu karanta jarida, dubban kwamfutoci ne ke riƙe da kundi iri ɗaya, a na Bitcoin ana ƙara shafi kusan duk minti 10. Ba sai zanen kowane fayil ya shiga kundin shi kaɗai ba. Da tsarin da Ralph Merkle ya ƙirƙiro a 1979, ana dunƙule zanen fayil miliyan ya zama ɗaya.

Ƙasar Istoniya, wadda ta sha harin intanet a 2007, ta rungumi irin wannan tsari na kamfanin Guardtime, mai suna KSI, har ga bayanan lafiyar 'yan ƙasa. Ku lura, bayanan majinyaci ba sa shiga sarƙar. Zanen yatsa kawai ke shiga.

A nan nake roƙonku ku natsu, domin 'yan talla suna zuzuta abin fiye da kima. Shaida ne kawai. Zai ce maka an taɓa, amma ba zai dawo maka da abin da aka goge ba, don haka dole ka riƙe kwafi na biyu a wani wuri. Sannan in tun farko takardar filin jabu ce aka shigar, zai tsare jabun nan da aminci iri ɗaya da na gaskiya. Wanda zai duba takarda kafin a buga mata hatimi, mutum ne har gobe.

Na ga hannu can baya. Hajiya, bismillah, a miƙa mata makirfo.