Lauyan Hackney da Kujerar Kansila

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanku da zuwa.

Zan fara da labarin wani lauya, Mobin Ahmed, ma'aikacin ƙaramar hukumar Hackney a birnin Landan. A 1990 jam'iyyar Leba ta tsayar da shi takarar kansila a Enfield. Ku lura, Enfield wata ƙaramar hukuma ce daban a Landan, Hackney daban. Duk da haka sai da ya janye, domin dokar ƙananan hukumomi ta 1989 ta sa muƙaminsa cikin waɗanda aka hana wa siyasa. Albashinsa ma bai kai adadin da dokar ta yanka don hana masu babban albashi siyasa ba. Abin da ya jawo masa shi ne yana zama gaban kwamitoci yana ba kansiloli shawara.

Dama tun dokar 1972 ma'aikaci ba ya zama kansila a hukumar da ke biyansa. Sai mutane suka samu kafa: da safe kana ma'aikaci a nan, da yamma kana kansila a hukumar maƙwabta. Kwamitin Widdicombe, wanda gwamnati ta kafa don binciken ayyukan ƙananan hukumomi, ya bankaɗo wannan a rahotonsa na 1986, gwamnatin Thatcher kuma ta toshe kafar.

Ku ɗauki kanku a matsayin kansilan adawa. Kun shiga zauren taro, ga fayil a kan tebur, lauya ya miƙe ya ce kwangilar nan ba ta saɓa wa doka ba. Jiya kun ga hotonsa a bango da tambarin jam'iyyar da ke mulki. Za ku yarda da shi? Ko gaskiya ya faɗa, zuciya ba za ta kwanta ba. Kansila ba masanin shari'a ba ne, da idon lauya yake gani.

Ni dai wallahi ina tausaya wa Ahmed, don babu wanda ya ce ya taɓa karkata shawararsa. Shi da wasu ma'aikata uku sun kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg. Ranar 2 ga Satumba, 1998 alƙalai shida suka goyi bayan gwamnatin Birtaniya, uku suka saɓa. Hujjar masu rinjaye ita ce hanin bai wuce kima ba, kuma wanda ke son takara yana iya ajiye aiki. Da su nake, amma ku karanta ra'ayin ukun nan kafin zamanmu na gaba, musamman ku masu shirin shiga ma'aikatar shari'a.