Madara da Zuma ko Duwatsu da Ƙaya? Gardama Kan Albarkar Ƙasar Falasɗinu

Mutum biyu sun je Falasɗinu a ƙarni na 19, tsakaninsu shekara 24 kacal, amma in kun ji bayaninsu sai ku rantse ba ƙasa ɗaya suka gani ba. Na farko Mark Twain ne, marubucin Amurka, wanda ya ratsa ƙasar bisa doki a 1867, ya koma gida yana ba da labarin tsaunuka tsirara da kufai. Na biyu Ahad Ha'am, Bayahude daga birnin Odesa. Shi da ya je a 1891, gargaɗin 'yan'uwansa ya yi da su daina zaton ƙasar a yashe take, domin da wuya ka sami filin da zai nomu wanda ba a riga an nome shi ba.

To wa ya faɗi gaskiya?

Ku dubi taswirar ƙasar. Ƙasar 'yar ƙarama ce, amma kowane sashe da halinsa. A arewa, tsaunukan Galili kan sami ruwan da ya haura milimita 800 a shekara. Ƙudus na samun wajen 550. Gangara gabas zuwa Yariko, bai kai 200 ba, idon ruwa ne ke riƙe da garin. Kudu kuwa hamadar Naƙab ce, wadda ta cinye kusan rabin ƙasar. Kuma ruwan nasu da sanyi yake zuwa, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, sauran watannin da ƙyar ake samun ɗigo. Twain a watan Satumba ya isa, ƙarshen rani, an girbe alkama tun tuni. Wanda ya fara ganin gonakin Kano a watan Maris ai zai ce nan ba a taɓa shuka gero ba. Shi kansa Twain ɗin ya yaba baƙar ƙasar kwarin Nabulus da lambunan lemon Yafa, sai dai masu kafa hujja da shi ba su cika kai wa wajen ba.

Gardamar ta girme shi. Attaura ta kira Falasɗinu ƙasar da ke gudanar da madara da zuma, Alƙur'ani ya ambace ta da ƙasar da aka sanya wa albarka. A wajen shekara ta 985, al-Muƙaddasi, masanin labarin ƙasa haifaffen Ƙudus, ya lissafa amfaninta: zaitun, ɓaure, inabi, auduga, rake. A ƙarni na 18 sai masu shakkar addini a Turai, irin su Voltaire, suka riƙa ba'a, wai ina zumar a cikin waɗannan duwatsu? Malaman coci suka ce ai da can tana da albarka, daga baya ne ta lalace. Ku riƙe wannan amsar, don ita ce siyasa ta ɗauka daga baya: in ƙasa ta lalace, to laifin wa, kuma wa zai gyara?

A ganina, takardun 'yan kasuwa sun fi labarin matafiya amfani, don ɗan kasuwa ba ya loda wa jirgi abin da babu. A ƙarni na 18, Zahir al-Umar ya gina mulkinsa a Akka da kuɗin audugar Galili da yake sayar wa Faransawa. Masanin tarihi Bajamushe Alexander Schölch ya bi bayanan tashoshin Yafa, Haifa da Akka daga 1856 zuwa 1882, ya tarar ana fitar da alkama, sha'ir, riɗi, man zaitun, sabulu da lemo zuwa Masar da Turai. Lemon Yafa ɗin nan mai kaurin ɓawo, wanda ke jure doguwar tafiyar teku, manoma Larabawa ne suka samar da shi a tsakiyar ƙarnin.

Sai dai wanda ya ce ko'ina lambu ne, shi ma ya ƙara gishiri. Akwai fadamu cike da sauro a bakin teku da kwarin Hula da ke arewa, zazzaɓi na kashe mutane. 'Yan kwangilar haraji na daular Turkawa suna tatsar manomi, hare-hare kan hana kwana a filayen kwari. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an sassare itatuwa don hura jiragen ƙasa, ga annobar fara ta 1915. Gonar kan dutse kuwa ba ta yafe sakaci. Dubi Battir, kudu maso yammacin Ƙudus: katangun duwatsu ne hawa-hawa ke tare ƙasar, ruwan ido na bin magudanai, dangi takwas na karɓarsa bi da bi, kowa da ranarsa. A bar katangar ta zube shekaru kaɗan, ruwan sama ya kwashe ƙasar, sai dutse tsirara. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2014.

'Yan Sahayoniya, masu fafutukar kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu, sun zo da jari, famfo da rijiyoyi masu zurfi, kuma Hukumar Peel, kwamitin binciken Ingila, ta ce a 1937 da yawa daga inda suka dasa lemo yashi ne ko fadama a lokacin da aka saya. Amma kwarin Marj Ibn Amir, da suka saya a hannun iyalan Sursock na Beirut a shekarun 1920, alkama ake nomawa a cikinsa, kuma sai da aka tashi manoman da ke zaune a kai.

Abin da ya sa gardamar ta yi zafi a zamanin da Turawan Ingila ke mulkin ƙasar, lissafi ne. A 1930 John Hope Simpson, wanda gwamnatin Ingila ta aiko bincike, ya ƙiyasta cewa filin da zai nomu, ban da yankin Biyasheba, bai wuce hekta 650,000 da 'yan kai ba, kuma bai ma ishi manoman da ke wurin ba. Hukumar Yahudawa ta ce ya rage adadin, da ban-ruwa filin zai ninka. Kowace hekta da aka ƙara ko aka rage a takarda tana nufin yawan Yahudawa baƙi da za a bari su shigo.

Shi kuwa kwarin Hula, Isra'ila ta tsane ruwansa tsakanin 1951 da 1958. Ƙasar ta bushe, iska ta riƙa kwasarta, wani wajen ma wuta na ci a ƙarƙashi, har a shekarun 1990 aka sake mayar wa wani sashensa ruwa.